Hanyar Ƙafar Hajiya Hansai

Musbahu ɗan Kano ne, kuma ko a Riyad bakinsa bai koyi hutu ba. Sana'arsa katakon daɓe, wanda Larabawa ke kira barke. Ya goge tsoho, ya jera sabo, ya bi da man sheƙi har mutum ya hango haƙoransa a ƙasa.

A wani tsohon gida a unguwar Malaz ya yi aikin da ya fi ji da shi. Maigidan, Alhaji Oumarou, mutumin Damagaram da ya daɗe a ƙasar, ya ce a goge katakon falo, a fasa tayil ɗin lungu, a ja katakon har ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Musbahu ya saƙa sabon cikin tsohon, ko da fitila ba ka gane mahaɗarsu.

Ranar da ya dawo kwasar kayan aikinsa, sai ya tarar da Hajiya Hansai, tsohuwar gidan wadda idonta ya daɗe da rufewa, tsaye a tsakiyar falo. Ba takalmi, tana ta shara da ƙafa ɗaya.

"Amaryata, rawa ake koya ba a gayyace ni ba?"

"Kai ne Bakanon da ya sace min gida?"

"Ni? Gyara na yi, Hajiya. Yanzu ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

"To ni ma na zame, ɗan nema. A da, in ƙafata ta ji sanyin tayil, na san na shiga lungu. In na taka fasasshen nan, in karya hagu, ga banɗaki. Yanzu ko'ina ɗaya kamar bayan faranti. Ɗazu na fito alwala, sai ga ni rungume da firij."

Musbahu ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga hannunta na lalube a iska, ya haɗiye abarsa.

Alhaji Oumarou ya fito daga ɗaki. "Khalas, Inna, mun gama magana. Za a kawo shaggala, mai aiki, ta riƙa riƙe ki duk inda za ki. Kafin nan ki zauna a ɗaki."

Tsohuwar ta sauke hannu. "Ni da na yi maka tsarki, yau ni za a ja zuwa banɗaki kamar akuya."

Musbahu ya dubi daɓen nan yana walƙiya, wanda ya riga ya ɗauka a waya ya tura wa duk 'yan ɗakinsu. Ya sosa ƙeya.

"Alhaji, ka yarda in ɓata maka aikin nan kaɗan?"

Oumarou ya dubi ƙasa, ya dubi uwarsa. "Ɓata."

Musbahu ya ciro takardar goga mai kaushi, ya durƙusa. Daga ƙofar ɗakin Hajiya ya fara, yana kankare sheƙin, faɗin tafin hannu, yana ja da baya cikin lungu. Kowane ja sai ya ce wayyo.

"Yi shiru ka yi aiki, rago," inji Hajiya. "Mutanen Kano, surutu kamar rediyon mai shayi."

Da ya kai ƙofar banɗaki, ya dawo ya kai ta ƙofar ɗakinta, ya ce ta ɗora ƙafa. Ta laluba da yatsa, ta ji kaushin, ta tsaya. Sai ta bi shi a hankali, ba mai riƙe ta, har ta dafa ƙofar. Ta juyo ta dawo, wannan karon har da yanga.

Oumarou ya juya baya, wai waya yake dubawa.

Hajiya ta rage murya. "Ango, zo nan. Ja min reshe ɗaya zuwa kicin, daidai inda suke ɓoye dabino."

"Inna! Likita ya hana ki zaƙi!"

Musbahu ya riga ya durƙusa. "Alhaji, mafi mushkila, inji Larabawa, ba matsala. Ni hanya kawai nake yi, ban san abin da matafiya ke ɗaukowa ba."