Ranar da Haladu Ya Wanke Bindiga

Masarar da za mu ci shekara tana can tsaye a gonar bakin daji, ta bushe ƙayau, hannu kawai take jira. Gonar ta ƙanena ce, Haladu, amma bakunan da ke jiranta suna da yawa: shi, da matarsa Amina da goyonta, da ni, da 'ya'yana da na kwaso muka dawo gidanmu tun da 'yan bindiga suka kashe ubansu a hanyar Dandume. Ba mu da wata gonar. 'Yar gyaɗar bayan gida ce, ita ma tsutsa ta raba mu da ita.

A ƙauyenmu yanzu ba mai zuwa bakin daji shi kaɗai sai wanda ya gaji da duniya. Gayya ake yi. Maza su fita gaba ɗaya, a karye masarar mutum guda, a loda a amalanke, a dawo kafin la'asar, gobe a shiga ta wani. Shi Haladu ba ya karya ko guda. Aikinsa ya hau kan suri ya zuba wa daji ido, domin shi kaɗai ke da bindigar kirki a garin, mai baki ɗaya, wadda babanmu yake harbin zabi da ita. Na sauran duk harba-ka-ruga ce.

To harsashin zabi ba ya tsorata mugu. Shi ya sa Haladu yake zazzage ƙananan ƙwayoyin da ke ciki ya sa dunƙulen dalma guda, irin wadda ake narkawa daga tsohon batirin mota. Kullum da safe in an isa gona sai ya saki wuta cikin daji, don na ciki su san ba a zo hannu rabbana ba.

Tun kafin kaka dattawan gari suka ɗauko wani mai magani daga yamma. Aka yanka baƙin bunsuru, ya tofa abin da zai tofa a bakin bindigar, ya ɗaura mata laya, ya ce muddin tana gaba ba abin da zai taɓa na bayanta. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ƙarfe ko mai ya shiga bakinta har a gama kai amfani gida. Liman ya ce ba hannunsa a ciki. Ni ma na ce shirme ne, amma wa ya tambaye ni, Shafa'atu?

Sarkin noma, Malam Abdulmutallib, shi ya tsara wa za a fara yi wa, wa zai biyo baya. Ya sa tasa a farko, ya sa tamu a ƙarshe, wai ai mai tsaro ba ya gaggawa. Haladu kuwa, bawan Allah, ko ƙafa ka taka masa shi zai ba ka haƙuri. Ya ce to. Wannan "to" ɗin har yau in na tuna shi sai zuciyata ta tafasa.

Aka yi ta ɗiba, rumbunan mutane suna cika, bindiga tana shan dalma ba wanki. Sai ta fara sauya hali. Ƙararta ta dushe, dunƙulen ya daina zuwa inda aka nuna, in ya harba sai ta hankaɗe shi kamar jaki ya yi harbi. Kafaɗarsa ta kumbura ta yi baƙi. Amina tana gasa masa da ruwan zafi tana share hawaye, shi kuma yana cewa ba komai.

Saura gonarmu kaɗai sai ga Abdulwaheed, Bayaraben nan mai walda, ya zo gyaran ƙafar amalanke. Haifaffen Dandume ne, tare suka yi firamare da Haladu, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ga yadda abokinsa yake ɗaga hannu da ƙyar, ya tambaya, na fesa masa labari kaf. Ya ce ai leƙawa ba ta cikin sharaɗi. Ya karya bindigar gida biyu, ya ɗaga ta wajen rana, ya leƙa. Ni ma na karɓa na leƙa, na ga cikin ya yi ƙanzo kamar gindin tukunyar tuwo, ramin har ya tsuke.

"Haladu," in ji shi, "duk dunƙulen da ya wuce sai ya bar fatarsa a nan. Ran da wani ya rasa hanya, a fuskarka za ta fashe. Ba zan ce maka gobe ne ba, ba kuma zan ce ba gobe ba ne."

Haladu ya ce saura wuni ɗaya, zai lallaɓa. Nan ne na tashi masa. Na ce in ya fita da ita a haka ban yafe ba. Na ce masa na yi takabar miji, ba zan zauna karɓar gaisuwar ƙane ba saboda tofin wani ƙaton da ya cinye bunsuru ya yi gaba. Kuma ko yau aka dawo da ni wurin, abin da zan faɗa ke nan.

"Yaya," ya ce, "in suka gane fa?"

Na ce su gane mana, ai ba su da fuskar da za su ƙi shi bayan duk tsayuwar da ya yi musu a rana. Ashe suna da ita.

Da azahar suka zauna bayan rumbu. Abdulwaheed ya naɗe wayar jan ƙarfe a bakin dogon tsinke, ya jiƙa da kananzir, suna turawa suna jawowa, suna turawa suna jawowa. Ɓarɓashin dalma yana zubowa a kan faifai, fari-fari yana ƙyalli. Hannun wannan ya gaji, wancan ya karɓa. Na yaga tsohon zanena suka yi ta zurawa yana fitowa baƙi ƙirin, har ya koma fitowa fari. Amina ta kawo man kekenta na ɗinki aka shafe cikin. Da Haladu ya sake ɗagawa ya leƙa, sai ya yi murmushi, na farko tun shigowar kaka.

Washegari aka taru gindin tsamiya za a tafi. Malam Abdulmutallib ya matso kusa da shi, ya ja hanci, ya sake ja. Kananzir ba ya ɓuya. Ya tambaya, Haladu kuma bai iya ƙarya ba, ya faɗi gaskiya, har da bayanin ƙanzon da abin da zai iya faruwa. Sarkin noma ya ce an karya asiri, shi ba zai kai 'ya'yan mutane mahalaka ba. Sai mutane suka fara zame jiki. Wannan wai cikinsa ya murɗa, wancan wai sa ya ƙi tashi. Mutanen da masararsu ke kwance a rumbu saboda kafaɗar Haladu! Tir.

Ya bi su gida-gida. Ya durƙusa wa sa'o'insa, ya durƙusa wa waɗanda ya girma. Ni ma na bi matansu, na yi roƙo, na yi masifa, na koma roƙo. Aka ce mu jira a nemo mai maganin ya sake ɗaurawa. Aka aika, aka ce ya yi tafiya. Kwanaki suna wucewa, barci ya ƙaurace mini.

Da na ga ba sarki sai Allah, na ce mu tafi mu biyu, shi ya yi tsaro ni in karya, ko buhu nawa ne. Muka ɗaure buhunan wofi a bayan babur muka kama hanya da hantsi. Da muka kusa ya kashe injin muka ƙarasa da ƙafa.

Tun daga nesa muka ji ƙarar karmami. Muka raɓe bayan surin muka leƙa. Shanun sata ne, garke guda, sun cika gonar daga wannan baki zuwa wancan. Sun tattake karan, suna tauna masararmu hankali kwance. Ƙarƙashin ɗorawa kuma ga samari sun fi a ƙirga, kowanne da babbar bindiga rataye, suna gasa wadda ta rage suna dariya.

Haladu ya ɗaga bindigar a hankali ya sa a kafaɗa. Na san yanzu duk inda ya nuna nan za ta je. Na kuma san guda ɗaya zai samu. Na riƙe masa hannu da ƙarfina duka. Ya daɗe a haka kafin ya sauke. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba, ko ranar da aka kawo gawar mijina.

Muka juyo da buhunan wofi. Da muka iso ƙofar gida yara suka ji ƙarar babur, suka fito da gudu suna rige-rige, kowa yana so ya taya mu sauke masara.