Turmi na Huɗu

…kuma na ɗaga hannu. Wallahi na ɗaga. Ƙararrawar turmi na uku ta kaɗa, hannuna ya tashi sama da kansa kamar an gama dambe, jama'a suka kwashe da dariya. Turmi takwas ne yau. Saura biyar.

Shekara goma sha biyu turmi uku jikina ya sani. Taɓa, ja da baya, taɓa, maki. Da haka na ciyo zinare a Olamfik, Inna ta rataye shi saman firij, kullum tana goge shi da bakin zani… To Inna, ga mai zinarenki a dambensa na farko na kuɗi, zaune a kujera, numfashi ya ƙi shiga.

Koci, mai horar da ni, na magana, bakinsa kawai nake gani. Soso, ruwa, ƙarfe mai sanyi a idon hagu. Idon ne ya rufe, ko fitilu aka rage?

Wancan ƙaton da nake karawa da shi ko zama bai yi ba. Kallona yake kamar mahaucin da ya gama wasa wuƙa. Sau talatin na taɓa shi, na ƙirga. Talatin! Shi sau biyu: ido, haƙarƙari. Na haƙarƙarin har yanzu yana ciki.

Yaya, kai ka faɗa. A bakin garejinka, hannu duk baƙin mai: "Ƙanena, can Olamfik ƙirga naushi ake yi. Wajen masu nauyi auna shi ake yi." Na ce hassada ce — a gaban matarka na faɗa. Ka sunkuya ka ci gaba da ɗaure noti. Ga kujerarka can a layi na biyu, ba kowa a kai.

Tsoro nake ji. Ee, tsoro.

Muryar Koci ta ratso: "Daina shafa shi! Kafe ƙafa ka doke shi!"

In kafe ƙafa? A gabansa? Ƙafafun nan zillewa aka koya musu, don zillewar aka buga musu taken ƙasa.

Tawul na kafaɗar Koci. Kalma ɗaya ce, ya jefa, a tsayar da damben, a huta… gobe gari ya ce zinaren jabu ne. Inna kuwa ba za ta sauke shi ba. Abin da ke kashe ni ke nan.

"Saura daƙiƙa goma!"

Robar kare haƙora a baki, ɗanɗanon jini. Ƙaton ya karkaɗe kafaɗu, yana murmushi — ashe bai ma fara ba. Jira yake in gama wasana.

Koci na jan kujera. Turmi na huɗu… ban taɓa zuwa nan ba. Ƙafata, tashi. Tashi mana…