Saukar da Jae-ung Ya Fasa a Jeju

Kyaftin Byeon ya tunkaro titin saukar jiragen sama na tsibirin Jeju da gudu fiye da kima, jirgin kuma bai yi ƙasa yadda ya kamata ba. Laifin ke nan, babu wani. Inji lafiya lau. Iskar Jeju kuwa kowa ya san halinta, ba ranar ta fara ba.

Mataimakinsa Pyo Jae-ung yana kujerar dama, ya ga komai a allo tun suna kan teku. Ganin ba wuya, faɗin ne aiki. Byeon shugabansa ne tun a sojan sama. Shi ya kawo shi kamfanin jiragen nan, shi kuma ya tsaya gaban jama'a ya jagoranci bikin aurensa da Mi-ran. Kowace sabuwar shekara Jae-ung yakan je gidansa da kwalin lemo, ya durƙusa goshi a ƙasa. Irin wannan mutum ba a ce masa ya yi kuskure. Sai dai a kewaya, a bar shi ya gano da kansa, ya fita da mutuncinsa.

Sai ya kewaya.

"Kyaftin, iskar nan yau kamar daga baya take turo mu."

"To, malamin iska. In ka gaji da tuƙi ka faɗa mini, in nema maka aikin hasashen yanayi a talabijin."

Jae-ung ya yi 'yar dariyar nan da ake yi wa manya. Titin na ta matsowa, ruwan sama ya jiƙa shi yana ƙyalli. Daga ƙarshensa sai baƙaƙen duwatsu, sai teku. Bayansu kuma jirgi cike da 'yan makaranta masu zuwa yawo.

"Titin a jiƙe yake, Kyaftin."

"Ina da ido, Jae-ung. Ina sauka a nan tun uwarka na goya ka."

A ajin horo an sha faɗa musu cewa duk wanda ya ce a fasa sauka, babba ko ƙarami, to a fasa. Kowa yakan gyaɗa kai, a fito a ci gaba da yadda aka saba. Wannan karon Jae-ung ya daina kewaya.

"Gudunmu ya yi yawa. Mu fasa."

"Zan dire shi."

"Fasa sauka."

Byeon bai ko dube shi ba. Farin fentin da ya kamata tayoyi su taɓa ya wuce ta ƙarƙashinsu, suna nan a sama.

"Jirgi na hannuna," in ji Jae-ung.

Hannun Byeon na kan sandar ƙara wa inji mai. Wannan hannun Jae-ung bai taɓa kama shi ba sai da hannu biyu, yana sunkuye. Ranar ya ɗora nasa guda a kai, ya tura gaba har ƙarshe. Injuna suka yi ruri, hancin jirgi ya ɗaga, duwatsun suka shige ta ƙasa. Byeon ya zare hannunsa.

Suka zagayo. Jae-ung ne ya sauke jirgin, Byeon na karanto masa gudu da tsayi dalla-dalla, domin shi ma matuƙi ne, ba ya wasa da aiki don fushi. Sai da aka kashe injuna Byeon ya yi wata magana.

"Ofis za su tambaya. Iska ce ta juya, ni na ce a fasa. Ka gane?"

"Iska ba ta juya ba, Yaya."

"Ni na tsaya a aurenka, yaro."

"Ban manta ba. Amma gobe wani ne zai zauna a kujerar nan, kuma shi ba lallai ya iya ɗora hannu a kan naka ba."

Byeon ya sa hularsa ya fita.

Da aka tambayi Jae-ung, ya faɗi abin da ya faru, har da kewaye-kewayen da shi kansa ya tsaya yi kafin ya buɗe baki. Kamfani ya ce Byeon ya koma horo a hannun wani da bai kai shi shekaru ba. Byeon ya ce bai ga wannan ranar ba, ya ajiye aiki. Tsofaffin kyaftin-kyaftin suka ɗauke wa Jae-ung wuta. In an haɗa su tafiya, daga Seoul har Jeju babu mai ce masa uffan sai maganar aiki, a wurin cin abinci kuma babu mai zuba masa ko ruwa.

Sabuwar shekara ta zo. Mi-ran ta ce kada Jae-ung ya je gidan Byeon, ya ce zai je. Ya ɗauki kwalin lemonsa ya hau bene, ya danna ƙararrawa. Matar Byeon ta buɗe ƙofa rabi, ta ce maigidan ba ya nan. Ga takalmansa kuwa a jere a bakin shiga, har da sandar lemarsa a jingine.

Jae-ung ya ajiye kwalin, ya durƙusa a kan siminti mai sanyi, goshi a ƙasa, ya yi gaisuwarsa ga ƙofar. Washegari aka dawo masa da lemon gida, ko igiyar kwalin ba a kwance ba.