Ƙofar Ɗakin Inna Mariyatu

Dijatu ta kwance bakin zanenta, ta zube mini ƙwayoyi uku farare a tafin hannu.

"Yaya Maimunat, duba min wanga. Tun da aka fara ba Inna shi, sai barci takai."

Katangarmu ɗaya da su a Runjin Sambo. Shekara uku ke nan da ɓarin jikin mahaifiyarta, Inna Mariyatu, ya shanye, Dijatu kaɗai ke ɗagawa da kwantarwa. Sai wanta Abdulwahabu da ke aiki a Abuja ya ɗauko nas daga wani kamfanin masu jinya a gida, bai ko shawarce ta ba. Sunanta Martha. Ƙarfe takwas keke Napep ke sauke ta da baƙar jaka, sha biyu ta tafi.

Muka kai wa Gazali mai kemis ƙwayoyin. Ya ce maganin raɗaɗi ne kawai.

"Bakinsu ɗaya," in ji Dijatu a hanya. "In ba mugun abu ba, mi ya sa take kulle ƙofa? Uwata ce fa. Ni za a bari waje?"

Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Washegari na shiga gidan da kwanon kunu, Dijatu na wanki a bayan gida. Ban yi sallama ba, na tura ƙofar. Ashe sakatar ba ta kama ba.

Inna na kwance a gefe ɗaya, fuskarta ga bango. Martha na durƙushe da safar hannu da auduga. A ƙasan bayan tsohuwar akwai gyambo, faɗinsa ya kai murfin kofi.

"Ke kika yi mata wannan?" na ce.

"Haka na same shi, Mama," in ji Martha, ba ta ɗago ba. "Kwanciya wuri ɗaya ce. Sai ana juya ta duk bayan awa biyu. Ni awa huɗu nake yi a gidan nan."

"To ki gaya wa ɗiyarta mana."

Inna ce ta amsa, da ƙyar maganar ke fita. "Ni na hana. Wata biyu ina rufe shi da zane in tana min wanka. Dijatu ta gaji, Maimunat. In ta gani, cewa za ta yi ita ta kashe ni."

Kwana biyu na ɓoye wa Dijatu maganar. A na uku na ji hayaniya a ƙofar gidansu. Dijatu ta tare zaure, ta ce wa Martha ta koma inda ta fito. Martha ta miƙa mata ledar auduga da magani. Dijatu ta ƙi karɓa.

Da la'asar na ja ta ɗakina na gaya mata komai. Ta daɗe tana kallona.

"Ke ma da ke aka haɗa baki?"

"Je ki ɗaga zanen ki gani."

Ta tafi. Ban ji kuka ba, sai ƙarar famfo da aka bari a buɗe.

Da safe keke ya sake sauke Martha, wannan karon Dijatu ba ta tare zaure ba. Daga ranar su biyu ke juya Inna, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ƙofa a buɗe. Amma duk ƙwayar da Martha ta fitar sai Dijatu ta juya ta a hannu ta duba kafin ta bari a ba ta.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka Inna ta cika, ana kiran azahar, kanta a cinyar Dijatu.

A zaman makoki na ji mata biyu na raɗa, wai tun da nas ɗin nan ta shigo gidan tsohuwa ba ta ƙara lafiya ba. Suna cikin haka Martha ta shigo da ɗankwali a ka, ta cire takalmi, ta tsaya tana neman wurin zama. Tabarmi duk sun cika. Dijatu ba ta dube ta ba. Ta dai tattara bakin mayafinta, ta matsa kaɗan.