Ƙullun Gwaggo Ikilima

"Kin ba uwa abinci?"

Abin da Gwaggo Ikilima ta fara tambayata ke nan da na shiga ɗakin da aka kwantar da ita a asibiti. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. Na tsaya riƙe da fulas ɗin kunu.

Uwa ba mutum ba ce. Ragowar ƙullun masa ne da Gwaggo ke ajiyewa a wata 'yar tukunyar ƙasa a bayan ƙofarta. Duk sanda ta yi sabon ƙullu sai ta zuba tsohon ya tayar da shi, ta rage kaɗan na gobe. Ba ta taɓa sa yis ba, wai na ragwaye ne. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓo shi ranar da aka kawo ta unguwar Wunti tana amarya, shekara hamsin da ɗoriya.

To ni, uwar iya tsafta, ranar da ɗanta Hammadu ya kai ta asibiti na tura 'yata Bintu ta gyara mata ɗaki, kamar yadda maƙwabta kan yi. Na ce kada ta bar kwano ko ɗaya da datti. Sai ga yarinya ta dawo tana washe baki, wai har tukunyar nan mai tsami ta wanke tas ta kife a rana. Ban doke ta ba. Laifin wa? Shekararta tara, katanga ɗaya ce tsakaninmu da Gwaggo, amma ban taɓa tura ta gaban tanda ba.

"Na ba ta, Gwaggo," na ce. Allah Ya yafe mini.

"Madalla. Juma'a za su sallame ni. Masa nake so, Zubaida, daga tandata."

A waje Hammadu ya faɗa mini gaskiya: sallamar ba ta sauƙi ba ce. Likita ya ce a kai ta gida ta huta cikin 'yan uwa.

Wallahi kwana biyu ban ji daɗin abinci ba. Ni da na girma a gaban murhun matar nan! Duk Asabar mu yaran layi mukan kewaye tandarta, kowa da raminsa. Ta ba ka ludayi ka zuba, ta ba ka cokali ka juya. Dokarta ɗaya ce: wanda ya ƙona, shi zai ci. Mu kuwa me muke nema? Sai mu riƙa kallon sama har ta yi baƙi, mu dangwala a garin ƙuli-ƙuli. Tana sane. Ta ce, "Yau ma hannu ya kuskure? Ɓarayin banza!" ta kuma ƙara mana ƙullu.

Cikin tunanin nan na tuna da Patience, 'yar Baba Istifanus tela da ya yi haya a gidansu Gwaggo. Raminta na kusa da nawa. Da za mu yi aure Gwaggo ta ɗebar wa kowaccenmu uwa a gwangwanin madara. Tawa ko sati ba ta yi ba ta mutu. Patience kuwa na ji tana sayar wa ɗalibai masa a Yelwa.

Na hau keke-napep na same ta a rumfarta, hayaƙi ya sa idonta ja.

"Zubaida mai ƙona masa! Yau da wace ƙafa?"

Na faɗa mata komai. Ta ajiye cokali. Sannan ta jawo wata roba daga ƙarƙashin benci ta buɗe. Tsamin nan ya bugi hancina, sai ga ni ina kuka a gaban ɗalibai.

"Shekara goma sha tara ban bar ta ta kwana da yunwa ba," in ji ta. "Ɗebi. Gobe zan rufe rumfa in zo."

Ranar Juma'a da hantsi muka hura gawayi a tsakar gidan Gwaggo. Na tattaro yaran layi, na ba kowa raminsa. Aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, aka jingina ta da filo biyu. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa, amma bakin nan yana nan.

"Kai, mai jar riga, man gyaɗa ne ko wanka kake mata? Rage!"

Patience ta kai mata ta farko a faifai. Gwaggo ta gutsura, ta tauna a hankali, idonta a rufe. Ni dai ina tsugune a gefe.

"Uwar nan ta yi yawo," ta ce. "Patience, har yanzu kina ƙara mata nono. Sau nawa zan hana ki?"

Patience ta sunkuyar da kai. Na matsa kusa na ce, "Gwaggo, ƙarya na yi miki. Taki ta zube. Ki yafe mini."

"Wa ya zubar?"

Kafin in buɗe baki Bintu ta ce, "Ni ce, Gwaggo."

Gwaggo ta dube ta. "Kin wanke tukunyar da kyau?"

"Da sabulu."

Sai tsohuwa ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, Hammadu ya rugo da ruwa. Da ta lafa ta ce a matso mata da tanda. Ta kama hannun Bintu da cokalin a ciki.

"Ba a soka ta. Bi gefe, ki lallaɓa. Yawwa. Juya."

Masar ta kife, ja jawur, ba ta fashe ba. Gwaggo ba ta saki hannun ba sai da suka juya uku. Ita kuwa rabin guda ɗaya kawai ta iya ci.

Ranar Lahadi bayan azahar Allah Ya karɓi abinsa. Mu muka yi masar sadakar uku, ni da Patience da yara, aka raba har bakin kasuwa. Da aka gama na kankare ragowar ƙullun na zuba a gwangwanaye huɗu, na ba 'yan matan layi, har da Bintu.

Washegari na fito neman Bintu, ta makara makaranta. Na same ta a bayan ƙofar kicin cikin kayan makaranta, jaka a baya. Ta zuba wa gwangwaninta cokali ɗaya na garin shinkafa, ta tsuguna, ta kara kunnenta a bakinsa tana sauraro.