Uwar Kwikwiyon

A unguwar Limanti, in maganar dabba ta taso, Ba'ana dillalin shanu ake tambaya, shi kuwa bai taɓa cewa bai sani ba. Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama, karyarsa ta fara cizon turke tana dalalar da yawu. Ya kashe ta, ya binne a bayan gari, ya yi shiru. Mai gane ciwon saniya daga nesa ba zai so a ji hauka ya shiga gidansa yana zaune ba.

Ta bar kwikwiyo ɗaya, wanda Ba'ana ya riga ya yi wa amininsa Babakura alkawarinsa. Da malamin dabbobi ya zo yi wa karnuka allura, ya ce wannan ya yi ƙanƙanta, sai ya cika wata uku. Sannan ya tambaya, "Uwarsa fa?"

"Maciji ne," in ji Ba'ana. Haka ya gaya wa Babakura ma, ranar da ya kai masa kyautar.

Kwikwiyon ya ɗan ciji Kaltumi, matar Babakura, a yatsa tana ba shi nono, aka yi dariya. Kafin damina ta wuce Kaltumi ta fara karkarwa in ta ga ruwa. Bayan kwana huɗu ta cika.

A zaman makoki Babakura ya juyo gare shi. "Ba'ana, mata suna ta cewa karen nan ne. Kai ka san dabba. Gaya wa jama'a ɗan mitsitsin abu irin wannan ba ya hauka."

Kowa ya juyo, ana jiran gwani. Ba'ana ya kalli bakin tabarma.

"Uwarsa," ya ce, "ba maciji ne ya kashe ta ba. Ni ne."