Kacalla a Falon Malam Filibus

Malam Filibus, malamin makaranta ɗan Kudancin Kaduna da aiki ya kawo Haɗeja, ya haɗa akwatin gilashi don kifin ado a falonsa a daminar 1993. Ya shimfiɗa yashin kogi, ya cika ruwa, ya dasa 'yan tsiron kacalla. Sannan ya kira maƙwabcinsa Baba Auta, tsohon masunci ɗan garin Guri, ya zo ya gani.

Baba Auta ya tsura wa gilashin ido, ya murtuke fuska.

"Malam, kacalla ka dasa a ɗaki?"

"Ita ce, Baba. Ai tana da kyau."

"Ciyawar da ta toshe mana kogi, ta cinye gonar shinkafata, ta kori 'ya'yana ci-rani? Ita ka yi wa gidan gilashi?"

Ya fita ko sallama bai yi ba.

Filibus ya yi ta mita cewa falonsa ne, ba mai kafa masa doka. Matarsa Dibora ta tsoma hannu ta tumɓuke kacallar, ta watsar a bola.

"Da tsohon nan za mu zauna," in ji ta, "ba da ciyawa ba."